Daga fara haila zuwa ɗaukewarta: abin da mace za ta riƙa lura da shi

Yarinya tana kai shekara 9, a kai ta rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Najeriya ta fara bayar da allurar a 2023, guda ɗaya tak, kyauta, ga 'yan shekara 9 zuwa 14. Ba ta hana haihuwa. In haila ta fara, uwa ta koya mata ƙirga kwanaki: daga ranar farko zuwa farkon ta gaba kwana 21 zuwa 35 ne ga yawancin mata, jinin kuma ba ya wuce kwana 7. A sauya audugar mata duk bayan awa 4 zuwa 6. In ƙunzugun zane ne, a wanke a shanya a rana, ba a ƙarƙashin gado ba.

Ciki shi ne inda aikin yake. Ki fara awo kafin ya cika sati 12, kada ki jira sai ya fito don kunyar surukai. Zuwa takwas ake so kafin haihuwa. Za a ba ki maganin ƙarin jini da folik asid, ƙwaya kullum. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne. Kada dai ki haɗiye shi da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarin jinin. Daga sati 13 ake fara Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku a gaban ma'aikaciya, da tazarar wata guda, aƙalla sau uku. Zazzaɓin cizon sauro yana ɓuya a mabiyiya ko da mace ba ta jin zafin jiki, ya ƙarar mata da jini, ya hana jariri girma. Kada ki bari a tsallake allurar tetanus.

Duk zuwa, ki tambayi adadin awon hawan jininki, a rubuta a kati ki gani da idonki. In ya kai 140/90 akwai magana. In kuma ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu har zobe ya ƙi fita, to jijjiga ce ke sallama. Ba aljanu ba ne, hayaƙi ba zai yi komai ba. A nemi mota nan take. Haka ma jini kowane iri, fashewar faya kafin lokaci, ko raguwar motsin jariri.

Maigida ya tanadi kuɗin mota da lambar direba tun wata na bakwai, ya kuma ba da izinin fita tun da wuri ko ba ya nan. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta gida ba ce: kan jariri yana danne mafitsara da ƙashi har naman ya mutu, daga nan yoyon fitsari. Ana gyara shi da tiyata, akwai sashensa a asibitin Gambo Sawaba da ke Zariya. A cikin garin Kaduna, ƙananan asibitoci kan tura mai matsala Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada.

Jego kuwa, sai iyayenmu su yi haƙuri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya nauyi. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a dama kunun gyaɗa. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, ƙafa ta kumbura, ta koma asibiti. Jinin biƙi in yana jiƙa auduga sharkaf cikin awa guda, ko yana wari da zazzaɓi, ba a jiran arba'in. A bar shekara biyu kafin wani cikin. Don tazarar haihuwa akwai allurar wata uku, ashanar hannu da robar mahaifa.

Daga shekara 30, a je gwajin bakin mahaifa ko ba ciwo, minti kaɗan ne. Mai ɗauke da HIV ta fara daga 25. Kowane wata bayan wankan tsarki, ki shafa nono da hammata da cikin yatsu uku. Ƙullutun da ba ya zafi shi ma sai an duba.

Haila takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55, da gumin dare da fushin da ba dalili. A riƙa auna hawan jini da suga. In an yi wata 12 cur babu haila sannan aka ga jini, ko ɗigo ɗaya a zane, ba hailar ce ta dawo ba. A je likita ya duba mahaifa a cikin satin nan.