Yadda baƙo zai buɗe asusun banki a ƙasar waje

A ƙasashe da dama ba a miƙa wa ma'aikaci albashinsa a hannu, mai gida ma ba ya karɓar kuɗin haya tsaba. Kuɗin waya da inshorar lafiya duk daga asusu ake zare su. Shi ya sa buɗe asusu ke cikin abubuwan da baƙo zai fara sa wa gaba da zarar ya sauke kaya.

Aikin yana farawa tun kafin ka hau jirgi. Ɗauko fasfo, biza, da takardar makaranta ko ta aiki, ka jera su ka duba sunanka harafi bayan harafi. Idan fasfo ya ce Mohammed, takardar aiki kuma ta ce Muhammad, kai ka san mutum ɗaya ne, amma kwamfutar banki ba ruwanta da wannan. A gyara tun da wuri, a bi rubutun fasfo. Ka riƙo bayanin tsohon asusunka na 'yan watannin baya, domin za a iya tambayar ka asalin kuɗinka. Ɗalibin da zai tafi Jamus ma tun kafin biza galibi ake sa shi ya zuba kuɗin shekara a wani kullallen asusu da suke kira Sperrkonto. Tun watan Satumba na 2024 adadin ya zama Yuro 11,904, kuma Yuro 992 kaɗai ake sakar masa kowane wata.

Da ka sauka, babban abin da ke hana ruwa gudu shi ne shaidar adireshi. Banki zai ce ka kawo takardar da ke nuna inda kake kwana, mai gidan haya kuma ya ce sai ya ga lambar asusunka kafin ya ba ka makulli. Kowa na jiran kowa. Mafita ita ce ka samo takarda guda mai ɗauke da sunanka da adireshi, ko da masaukin wucin gadi ne, daga hannun wanda banki ya yarda da shi. A Jamus doka ta ba ka kwana 14 ka yi rajistar mazauninka a ofishin gari, abin da suke kira Anmeldung. Za ka je da takardar da mai gida ya sa wa hannu, su ba ka shaidar rajista, sannan lambar haraji ta biyo ka ta gidan waya. A Birtaniya babu irin wannan rajista, don haka ɗalibi ya nemi jami'arsa ta rubuta masa wasiƙar banki, ma'aikaci kuma ya tambaya ko za a karɓi wasiƙar wurin aikinsa. A Saudiyya iƙama, wato katin izinin zama, ita ce mabuɗi, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma katin shaidar ƙasar. A Amurka mutane da yawa na zaton sai da lambar SSN, wato lambar shaida da gwamnati ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki, alhali akwai bankunan da ke buɗe wa baƙo asusu da fasfo da wata shaida ta biyu, in dai ya je reshe da ƙafarsa.

Sai zaɓen banki. Bankunan da ke aiki ta manhajar waya, irin su Monzo ko N26, sun fi sauri: ka ɗauki hoton fasfo, ka tsaya gaban kyamara ka juya fuska hagu da dama, shi ke nan. Amma ba kowane fasfo suke karɓa ba, sai ka duba jerin nasu kafin ka ɓata lokaci. A ganina baƙo ya fara da na manhajar don albashi ya samu wurin sauka, daga baya bayanin wannan asusu, da ke ɗauke da adireshinsa, ya taimaka masa wajen buɗe wani a banki mai rassa. Sai dai ka tabbatar wurin yana da lasisin banki. Wise, alal misali, kamfanin tura kuɗi ne, kariyarsa daban take. Idan banki ya durƙushe a Tarayyar Turai ana biyan mai ajiya har Yuro 100,000, a Amurka kuwa hukumar FDIC na biya har Dala 250,000.

Ranar ganawa da banki ka tafi da takardu na asali. Za su tambayi aikinka, nawa kake sa ran zai riƙa shigowa, da ƙasar da kake biyan haraji. Kada ranka ya ɓaci, dokar hana halatta kuɗin haram ce ta ɗora musu. Faɗi gaskiya, domin idan ka ce albashi kaɗai ne sannan manyan kuɗi suka fara shigowa daga waje, rufe asusun za su yi su nemi bayani. Kai ma ka yi naka tambayoyin: nawa ake cira a wata, nawa ne kuɗin tura kuɗi waje, me ake caja idan ka kashe fiye da abin da ke ciki.

In an ƙi buɗe maka, kada ka naɗe hannu. Wata dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ba duk mai zaman halal, har da masu neman mafaka, 'yancin samun asusun yau da kullum, kuma dole banki ya amsa cikin ranakun aiki 10. A Faransa ka karɓi takardar ƙin amincewar ka kai Banque de France, babban bankin ƙasar, shi zai zaɓi bankin da tilas ya buɗe maka.

Kati da lambar sirri galibi a ambulan daban-daban suke zuwa, don haka ka tabbatar sunanka na jikin akwatin wasiƙa. A Jamus in babu suna, wasiƙar komawa take yi.

Daga nan ne masu zaƙin baki ke ɓullowa. Wani zai ce ka ara masa asusunka kuɗi su wuce ta ciki, ya ba ka ɗan kaso. Sababbin zuwa da ɗalibai suka fi farauta, kuma sau da yawa kuɗin damfara ne. Sunanka ne a kai, kai za a kama. A Birtaniya ana iya sa sunan mutum a rumbun bayanan Cifas, wata ƙungiyar yaƙi da damfara, har shekara 6, kuma a tsawon wannan lokaci da wuya wani banki ya sake buɗe masa asusu.