Yadda madara za ta yi kumfa mai laushi a injin espresso (injin haɗa kofi)

Jama'a, ga abin da ya gyara mini kumfar madarata.

Madarar ta fito daga firji da sanyinta, a zuba a jug ɗin ƙarfe kada ta kai rabi, don za ta kumbura. A fara buɗe bututun tururi ruwan da ya kwanta ciki ya fita.

Aikin duk a bakin bututun yake. A sa shi ƙasa da saman madarar kaɗan, a ɗan karkace, har a ji "tsss" kamar ana yaga takarda; iska ce ke shiga. In tana ihu, ya nutse da yawa. In tana fallatsi, ya yi sama. Da jug ya yi ɗumin jiki, sai a ƙara nutsar da bakin bututun, madarar ta riƙa juyawa, manyan kumfa su baje.

A kashe tururin a digiri 60 zuwa 65 na ma'aunin Celsius, lokacin da tafin hannu ya kasa jure zafin. Na sha wuce 70, zaƙin ya gudu, sai ƙauri. A ɗan buga jug a tebur, a jujjuya har ta yi sheƙi. Bututun kuwa a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma nan take, kafin madara ta bushe a kai.