Yadda ake tsara bincike kan kula da masu cutar mantuwa a gidajen tsofaffi

Gidan kula da tsofaffi ba ɗakin gwaji ba ne. Mazauni ne na mutane, kuma wurin aikin ma'aikatan da lokaci ba ya taɓa isarsu. Tsarin binciken da bai lura da wannan ba, tun a watannin farko yake fara warwarewa.

Ka fara da manajan gidan, amma kada ka tsaya a kansa. Shi ke buɗe ƙofa, masu yi wa mazauna wanka da ba su abinci kuwa su ne za su amsa tambayoyinka. Ka gana da masu aikin dare su ma, domin abin da suke gani dabam ne. Safiya ba lokacinka ba ce, lokacin wanka da shan magani ce.

Batun izini shi ya fi cin lokaci. Kada ka ɗauka duk mai cutar mantuwa ba zai iya yanke shawara ba. Ana auna kowa shi kaɗai: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi na ɗan lokaci, ya auna shi, ya faɗi abin da ya zaɓa? Idan bai iya ba, dokar Ingila da Wales ta 2005 kan ikon yanke shawara ta ce a tuntuɓi wani makusancinsa ya faɗi abin da yake ganin mutumin zai so. Kowace ƙasa da nata ƙa'idar, sai ka bi ta inda kake. Kuma sa hannu sau ɗaya bai wadatar ba. Duk ranar da ka zo, ka sake gabatar da kanka. In ya kau da kai, ya tashi, ko ya nuna damuwa, ka daina.

Sai ma'aunai. Gwajin MMSE mai maki 30, wanda ke auna tunani da ƙarfin tuna abu, yana da amfani wajen rarraba mahalarta, amma idan cutar ta yi nisa kusan kowa yana ƙasa, don haka ba ya nuna canji. Don auna rashin natsuwa, ana yawan amfani da CMAI: halaye 29, kowanne ana ba shi maki daga 1 zuwa 7 gwargwadon yawan faruwarsa cikin makonni biyu da suka wuce. QoL-AD kuma tambayoyi 13 ne kan ingancin rayuwa. A nan akwai tarko: masu kula da mutum sukan ba shi maki ƙasa da wanda yake ba kansa, saboda haka kada ka gauraya amsoshin biyu wuri guda. Idan lura da ido kake so, akwai Dementia Care Mapping da Tom Kitwood da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Jami'ar Bradford, inda ake rubuta abin da mazaunin ke yi da yanayinsa kowane minti biyar. Tana buƙatar horo, tana kuma gajiyarwa fiye da yadda ake zato.

Lissafin yawan mahalarta ne inda sababbin masu bincike suka fi zamewa. Mutanen gida ɗaya suna kama da juna, tunda ma'aikatansu da tsarinsu ɗaya ne, don haka gidaje ake rabawa zuwa rukunonin da za a kwatanta ta hanyar ƙuri'a, ba mutane ba. Idan za ka ɗauki mutum 20 a kowane gida, kuma ƙimar kamanceceniyarsu, wato ma'aunin yadda sakamakon mutanen gida ɗaya ke kama da juna, 0.05 ce, sai ka ninka adadin da kake buƙata da 1.95, wato kusan ninki biyu. Ka ƙara wasu a kan haka, domin cikin shekara guda wasu za su rasu, wasu a kwantar da su a asibiti, ma'aikacin da ya cike takardar farko ma ya bar aiki.

Kafin ka rubuta cewa halin wani ya taɓarɓare, ka duba kundin lafiyarsa. Ciwon da bai iya faɗa ba, ko cutar mafitsara, ko sabon magani, duk suna iya rikita shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Idan kuma sabon tsarin kulawa kake gwadawa, ka buɗe rajista tun ranar farko: ma'aikata nawa aka horar, nawa suka rage, sau nawa aka aiwatar da abin. In babu ita, sakamako ya fito babu bambanci, ba za ka iya tantance ko tsarin ne bai yi aiki ba ko kuwa ba a taɓa aiwatar da shi ba.