Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora janareta a kan ƙaramar tarakta

Ƙaramar tarakta mai taya biyu, wadda ake huɗar lambu da ita, takan yi watanni a ajiye bayan an gama aikin ƙasa. Shi ya sa wasu ke sayen kan janareta, wato ɓangaren da ke ba da wuta ba tare da inji ba, su kai wa mai walda a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya haɗa masa mazauni a jikinta, injinta na dizal ya riƙa ba da wutar jan ruwa ko ta shago. Dabarar tana aiki. Sai dai in ka ji ana cewa kan janaretan jabu ne, sau da yawa ba shi da laifin komai: gudun da ake juya shi ne bai yi daidai ba.

Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, a kan 50 Hz, wato yawan kai-komon da wutar ke yi a daƙiƙa ɗaya. Kafin kan janareta ya ba da wannan, dole ya juya daidai adadin da aka buga a farantin jikinsa, ko zagaye 1500 a minti, ko 3000. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko duk fulin da aka samu, wato zagayayyen ƙarfen da bel ke hawa, a ɗaura, muddin bel ya shiga. Lissafin kuwa ba wuya. Ka ninka faɗin fulin inji da gudun injin, ka raba da gudun da janareta ke so. A ce injin S195 ne, mai ƙarfin doki 12 da zagaye 2000, fulinsa inci 6, janaretan kuma mai 1500. Inci 6 sau 2000 ya ba da 12,000, a raba da 1500, fulin janareta ya zama inci 8. In ka sa masa inci 6, zai yi ta gudu a 2000, wuta ta haura kusan 67 Hz, ƙwayaye da caja su fara ƙonewa. In ka sa inci 10, ya faɗo 1200, wato 40 Hz, motar famfo da firji su yi ta gurnani suna ɗaukar zafi har kwayil ya tafi. A auna faɗin fuli daga inda bel ke zama, ba daga leɓensa na waje ba.

Ga irin wannan inji, mai 1500 ya fi dacewa. Mai 3000 zai buƙaci fuli inci 4, shi kuwa ƙaramin fuli ba ya riƙe bel da kyau in kaya sun yi nauyi.

Ko da lissafi ya fita, kada a saita totur da kunne ko da hasken ƙwai. A sayi mita mai nuna Hz. A ɗaga inji har ta nuna wajen 52 kafin a jona komai, don in kaya sun hau ta sauko kusa da 50, sannan a ɗaure totur ɗin a nan, kada girgiza ta motsa shi.

Sai kwaɗayin babban kai. Ƙa'idar masu aikin ita ce kusan doki biyu ga kowane kilowat ɗaya, don haka doki 12 iyakarsa kai mai kilowat 5 ko 6. Ɗora masa mai kilowat 10 ba ya ƙara ko ƙwai ɗaya; baƙin hayaƙi kawai za ka gani da inji yana shaƙewa, balle a zafin Afrilu. A kuma tuna motar famfo kan ja ninki uku ko fiye na wutarta a lokacin tashi. Ita ake fara kunnawa, sauran kaya su biyo baya.

A wajen mazauni, masu walda kan like ƙafafun janareta da jikin tarakta kai tsaye, ranar da bel ya saki kuma babu hanyar ja masa. A yi mazaunin da ƙarfe mai kauri, a yanka masa dogayen ramuka yadda janareta zai matsa gaba ko baya, a ɗaure da noti. Roba a ƙarƙashin janareta shi kaɗai ma kuskure ce: inji na rawa daban, janareta na rawa daban, bel ya ci kansa. Su zauna a kan ƙarfe guda. Kai mai kilowat 5 ya fi buhun siminti nauyi, in aka tura shi gaba sosai tarakta sai ta kifa da hanci, saboda haka a yi mata ƙafar tsayawa.

Fuli biyun su kalli juna sak. Aza miƙaƙƙen ƙarfe a fuskokinsu. In ya bar rata, bel zai riƙa tsalle, boris kuma ya mutu da wuri. A sa bel biyu iri ɗaya, a kuma sauya su tare. In ka danna tsakiya da babban yatsa ya lotsa kamar santimita ɗaya, ya yi. Sabon bel yana saki bayan awoyin farko, a sake ja masa. Murfi a kan bel wajibi ne a garin da ake aiki da babbar riga da hijabi, kuma kafin a tayar, a sa giya a firi, a cire bel ɗin da ke kai wa tayoyi.

Masu amfani da altanetar mota a madadin kan janareta nasu kuskuren daban ne. Wutar batir take bayarwa, bolt 14 ko kusa da haka, ba ta gida ba, don haka sai da batir da inbata. Mai amfiya 60 ba za ta wuce wat 840 ba, ko an yi mata me. Cire kan batir alhali inji na aiki, wai don a gwada caji, yana ƙona kayan cikinta. Inbata mai wat 1000 kuma tana jan sama da amfiya 80 daga batir, don haka waya mai kaurin murabba'in milimita 25 take so, gajera, da fiyus dab da batir.

Ƙurar hunturu na toshe ramukan iskar janareta tana cinye burushinsa. A hure shi a kai a kai, amma kada a lulluɓe shi da buhu yana aiki, kuma a juya bakin salansa nesa da inda yake shaƙar iska.

Wayar fita daga kai mai kilowat 5 tana ɗaukar kusan amfiya 22, wato waya mai murabba'in milimita 4 da bireka mai amfiya 25. A haɗa jikin janareta da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, musamman a lambu inda ƙafa ke cikin ruwa. Kada a soka wayarsa a soket ɗin gida. Ba tare da makunnin sauya layi ba, wutar za ta koma kan wayar kamfanin wuta na KEDCO, ta iya kashe mai gyara a kan turke, in kuma an dawo da wuta janaretan ne zai ƙone. A waje ake tayar da inji, ba a zaure ko cikin shago ba, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙin ba ta da wari.