Yadda ɗalibi zai yi binciken ekspoze da littafi da waya

Da malam ya ba ka aiki, fara da mayar da shi tambaya guda. "Tarihin Damagaram" ya yi faɗi, mako guda ba zai ishe shi ba. "Me ya sa aka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai a 1926?" tambaya ce da za ta shiga shafi biyu.

Je ɗakin karatu kafin ka sayi mega. Nuna wa mai kula da wurin tambayarka a rubuce, shi ya san abin da ke kan kanta. Inda ake jera littattafai da lambobin Dewey, kimiyya na 500, tarihi da labarin ƙasa na 900. Kada ka ce sai ka karance littafi duka. Duba jerin babi-babi, ka buɗe wanda ya shafe ka. A kan Damagaram, nemi littafin André Salifou na 1971 kan masarautar a ƙarni na 19. Duk abin da ka kwafa, rubuta sunan marubuci, shekara da lambar shafi nan take a gefensa. Wanda ya bar wannan sai gobe, da wuya ya sake gano wurin.

A intanet, abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne rubutun suna. Sarki ɗaya ne na Damagaram, amma za ka gan shi Tanimun, Tanimoune ko Tanimoun, kuma Google na iya kawo shafuka daban ga kowanne. Gwada duka, da Faransanci da Hausa. Sa suna cikin alamar zance, misali na wani sarkin Damagaram, "Amadou Kouran Daga", don kalmomin su fito a jere, ka ƙara Tirmini 1899 in yaƙinsa da Faransawa kake nema. In ka haɗa da filetype:pdf, takardun PDF kaɗai za su fito, kuma a nan ake yawan samun aikin jami'a. Sauke su lokacin da rezo ke da kyau, ka karanta ko babu mega. Manhajar Kiwix ma tana ajiye Wikipedia a waya.

Wikipedia ƙofa ce kawai. Gangara ƙasan shafin ka ga inda aka samo maganar. Shekarar hawan Tanimun kan gadon sarauta takan bambanta daga shafi zuwa shafi, don haka kowace shekara sai ta fito a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. In sun saɓa, rubuta duka biyun ka faɗi mai kowace. Manhajojin da ke amsa tambaya kuwa sukan ƙirƙiro sunan littafin da babu shi, sai ka tabbatar da idonka.

Daga nan rufe littafi, kife waya, ka rubuta da bakinka. Malam na gane kwafe daga jimla ta farko, kuma ranar ekspoze ƴan aji za su tambaye ka ma'anar kalmar da ka ɗauko. Karanta wa wani a gida da ƙarfi, ka duba agogo. Inda ka yi tuntuɓe, koma ka sake karanta wurin.