Darasi na 9: Yadda Wata da Rana Ke Jan Ruwan Teku

Damagaram ba ta da teku, amma shinkafa da kayan masarufi da yawa da ke Kasuwar Dole ta tashoshin jiragen ruwa irin ta Lome suke shigowa. A bakin tekun, ruwa yakan ciko ya hau gaɓa, sannan ya janye, sau biyu a kwana ɗaya.

Wata ne babban mai jan ruwan. Nisansa da mu kusan kilomita 384,000 ne. Rana ta fi shi girma nesa ba kusa ba, sai dai tana can kilomita miliyan 150, shi ya sa tasirinta kan cikowar teku bai kai rabin nasa ba. Ruwan da ke fuskantar wata yakan tasa, na bayan duniya ma haka, domin jan bai kai masa da ƙarfi ba, sai a bar shi a baya. Duniya na juyawa, gaɓa ta ratsa tudun ruwan nan biyu.

Ku gwada a aji. A kife ƙwarya, a kewaye ta da zoben robar tayar keke, sako-sako. Mutum ɗaya ya ja gabas da yamma, shi ne wata. Na biyu, rana, ya ja kaɗan. In sun ja layi ɗaya, zoben ya ƙara tsawo: babbar cikowa ke nan, ta tsayuwar wata da daren 14 zuwa 15. In na biyu ya koma kudu da arewa, zoben ya kusa zama da'ira: ƙaramar cikowa, wajen 7 da 22 ga wata. Idan ƙarfin jan mai rana ya kai na mai wata, gwajin ya ɓaci, a sake.

Wurin lissafin lokaci aka fi kuskure. Kowa ya lura bayan sha biyar ga azumi wata na ƙara makara wajen fitowa. Makarar kusan minti 50 ce kullum, teku kuma binsa yake. Idan ya ciko ƙarfe 6:00 na safe, zai sake cikowa wajen 6:25 na yamma, gobe kuma 6:50 na safe.

Tsayin cikowar ya danganta da siffar gaɓa. A mashigin Fundi na Kanada yakan kai mita 16. Tabkunanmu kuwa sun yi ƙanƙanta, ba a ganin wannan motsi a cikinsu. Ruwan damina ne ke cika su.

Aikin gida: teku ya ciko ƙarfe 9:10 na safiyar Litinin. Ƙarfe nawa zai ciko da safiyar Laraba?