Yadda za a gyara tayimtebul saboda yaran da suka fi ajinsu saurin ɗauka

Yaron da ke gama aikin lissafi cikin minti 10 alhali piriyod ɗin minti 40 ne, ina sauran minti 30 ɗin ke tafiya? Yawanci a surutu ne, ko zane-zane a bayan littafi, ko malam ya ce masa tashi ka taimaki wane. Kullum haka har shekara ta ƙare, daga nan sai ka ji ana cewa yaron nan ya fara lalacewa, nan kuwa jira ne kawai ya ishe shi. Kuma galibin gyaran a tayimtebul yake.

Ku fara da gwaji kafin koyarwa. Malam, kafin ka buɗe sabon babi ka ba su irin tambayoyin da za ka yi a ƙarshensa, wanda ya cinye kusan duka to babu dalilin da zai sa ya zauna sati biyu yana sauraron abin da ya riga ya sani. Joseph Renzulli da Sally Reis na Jami'ar Connecticut a Amurka sun daɗe a kan wannan hanya, kuma binciken da aka fitar a 1993 ya nuna malaman firamare sun iya rage wa irin yaran nan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na aikin wasu darussa ba tare da sakamakonsu ya faɗi ba. Amma fa lokacin da aka samu kar a cike shi da ƙarin tambayoyi 20 iri ɗaya, wannan hukunci ne, yaro mai wayo kuwa nan take zai gane cewa gara ya riƙa jan ƙafa. A ba shi abu mai wuya da zai sa shi gumi.

Inda aikin yake sosai shi ne wurin mai zana tayimtebul ɗin. A sa lissafi a lokaci ɗaya a azuzuwan da ke kusa da juna, misali aji 4 da 5 da 6 duk piriyod na biyu. Ana kaɗa ƙararrawa sai yarinyar aji 4 da ta yi nisa ta ɗauki littafinta ta shiga aji 5, a gama ta dawo wurin ƙawayenta, ba ta rasa komai ba. Idan kuwa lissafin aji 5 ya faɗo daidai lokacin kimiyyar aji 4, shi ke nan an rufe ƙofa, dole ta bar ɗaya. Sa darasi a lokaci ɗaya ɗin nan ba sabon abu ba ne, makarantun garin Joplin a jihar Missouri sun yi haka da darasin karatu tun shekarun 1950. A sakandare ya fi wuya gaskiya, don malamin lissafi ɗaya ba zai rabu gida uku ba, sai a fara da aji biyu kawai.

Dabul piriyod na minti 80 ko 90 yana yi wa irin yaran nan daɗi a ɗakin gwaje-gwaje ko dogon rubutu, in dai ba bayani malam zai yi ta zubawa ba har a tashi.

Don Allah kar a cire su a lokacin hutu ko wasanni da sunan darasi na musamman, kar kuma a ce sai sun kwafi duk not ɗin da aka yi ba sa nan. Haka ma lesin ɗin sassafe. Matasa na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, shi ya sa ma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kar sakandare ta fara kafin 8:30 na safe.

Iyaye kuma, ku sami shugaban makaranta tun ana hutun ƙarshen shekara kafin a zana sabon tayimtebul, don da zarar an manna shi a bango da ƙyar ake taɓa shi. Ku tafi da takardun gwajin yaron, ku nemi darasi ɗaya tak, a gwada zango ɗaya a ga yadda zai kaya.